Ƙarfe Ne Sarki a Pokémon, Ba Diragon Ba

Akwai wani jeri da yake yawo a makarantar nan tun farkon zangon karatu, daga bangon littafin wannan zuwa na wancan, har wani ya rubuta shi da alli a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Jerin jinsunan dodannin wasan Pokémon ne, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Diragon ne na ɗaya, Wuta na biyu, Lantarki na uku, Ruwa yana can tsakiya, Ƙarfe kuwa sai ka sauko kusa da gindi kafin ka gan shi. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun zauna mun tsefe jerin nan, kuma matsayarmu ita ce son zuciya ne ya rubuta shi, ba lissafi ba. Da a fatar baki abin ya tsaya, da ba mu ɓata takarda a kai ba. To amma an fara sa kuɗin tara a kan wannan jerin, ƙananan ɗalibai suna kwashewa suna haddacewa kamar karatun jarrabawa, sannan wasu daga cikin malamanmu sun ɗauka duk abin shirme ne wanda babu tunani a cikinsa. Da masu jerin da malaman muke magana.

Bari mu fara yi wa malamai bayani, don kada a bar su a baya. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiri wasan, Nintendo ta fitar da shi ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan ƙaramar na'urar Game Boy. Wanda ya kawo dabarar, Satoshi Tajiri, yaro ne mai kamun ƙwari a ƙuruciyarsa, shi ya sa wasan ya ginu a kan kama halittu da renonsu. An fara da dodanni 151, yanzu sun haura 1,000. Kowane ɗan wasa yana haɗa tawagar dodanni shida, ya kara da ta abokin hamayya, kowa ya zaɓi harinsa bi da bi. Kowane dodo yana da jinsi ɗaya ko biyu, kowane hari ma yana da jinsinsa. Jinsunan 18 ne a yau. Da Turanci suke a wasan, mu ne muka mayar da su Hausa: Wuta, Ruwa, Ciyawa, Lantarki, Ƙanƙara, Ƙasa, Dutse, Ƙarfe, Guba, Ƙwaro, Masu Tashi, Dambe, Fatalwa, Duhu, Ƙwaƙwalwa, Aljana, Diragon da Gama-gari.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. In harinka ya fi ƙarfin jinsin abokin karawa, ɓarnar ta ninka sau biyu. In shi ne mai jure irin harinka, ta koma rabi. A wasu lokutan ko gezau ba zai yi ba, sifili ke nan. In jinsunansa biyu duka suna tsoron harin, ninki huɗu. Sannan dodon da ya kai hari irin na jinsinsa yana samun ƙarin rabi. Ɗauki hari mai ƙarfi 80: a hannun ɗan gida ya zama 120, a jikin mai tsoronsa 240, a jikin mai jurewa 60, a jikin mai tsoro biyu 480. Hari ɗaya ne fa, amma tsakanin 60 da 480 akwai ninki takwas. In ka zana jinsuna 18 a tsaye, 18 a kwance, ka sami gidaje 324, kuma kowane gida amsarsa a rubuce take, ba ra'ayin kowa ba ce.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, ɗan Kura da Bunkure ya san rabin jadawalin nan tun kafin ya taɓa riƙe waya. Wasan ya ce Ciyawa tana cin Ruwa. Wanda ya taɓa ganin kachalla ta toshe kanal, ruwan da ya taso tun daga madatsar Tiga ya kasa isa gonakin ƙarshen layi, ba sai an rantse masa ba. Wasan ya ce Ruwa yana cin Ƙasa. Je ka dubi gefen kanal da ya ɓalle da damina. Masu Tashi suna cin Ciyawa: tambayi duk wanda aka taɓa tasa da asuba korar jan-baki a gonar shinkafa. Suna kuma cin Ƙwaro, kamar yadda belbela take bin bayan garma tana tsintar abincinta. Lantarki ba ya yi wa Ƙasa komai, malamin fiziks kuma ya riga ya faɗa mana dalilin da ya sa ake binne waya a ƙasa in ana haɗa wutar gida. Ƙwaro yana cin Ciyawa, wannan kam ba mu son tuna shi. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatirin Kadawa da kewaye har aka laƙaba mata Ebolar tumatir, kamfanin Dangote da aka buɗe a shekarar ya rasa abin markaɗawa. Wato jadawalin ba daga sama ya faɗo ba, kuma kowa yana da mai tanƙwara shi.

To in kowa yana da mai tanƙwara shi, yaya za a ce wani ya fi wani? Akwai masu cewa ai duk ɗaya ne, zagaye ne kawai. Ba mu yarda da su ba. Ba a raba abokan gaba daidai wa daida ba. Tambayoyi biyu za ka yi wa kowane jinsi: su nawa yake ji wa ciwo, su nawa kuma suke ji masa? Da ka fara ƙirga, jerin bayan ɗakin gwaje-gwaje ya rushe.

Ƙarfe yana jure jinsuna goma: Gama-gari, Ciyawa, Ƙanƙara, Masu Tashi, Ƙwaƙwalwa, Ƙwaro, Dutse, Diragon, Aljana da Ƙarfe ɗan'uwansa. Guba kuwa ba ta kama shi sam. Goma sha ɗaya ke nan cikin 18 da ba sa yi masa cikakkiyar ɓarna. Uku kaɗai yake tsoro: Wuta, Dambe da Ƙasa. Babu wani jinsi da ya ko kusanci wannan. Mai bi masa a juriya ita ce Wuta, da shida. Wani zai ce ai juriya ba ita ce cin wasa ba, duka ne. Amma duk wanda ya buga wasan da gaske ya san rabin faɗan musayar dodanni ne: ka janye wanda ke cikin haɗari, ka shigo da wani, wanda ya shigo kuma dole ya sha dukan da aka auna wa na farkon. Dodon da zai shigo sau huɗu, sau biyar, ya sha duka ya tsaya da ƙafafunsa, shi ne yake ba sauran tawaga damar numfashi. Kamar shingen gona ne, ba shi ake kaiwa kasuwa ba, amma cire shi ka ga abin da awaki za su bar maka. Har ma Ƙarfe yakan ɗaga darajar wanda aka haɗa shi da shi. Scizor Ƙwaro ne da Ƙarfe, kuma a duk jinsuna 18 Wuta kaɗai yake tsoro, ko da yake ita ɗin ninki huɗu take yi masa.

Yanzu ga Diragon, gwanin jama'a. Jinsi nawa harinsa yake ninkawa a kansu? Ɗaya tak, kuma Diragon ne ɗan'uwansa. Ƙarfe yana jure shi, Aljana ko a jikinta. Yana jure Wuta, Ruwa, Ciyawa da Lantarki, wannan abin yabo ne, amma yana tsoron Ƙanƙara, Aljana da kansa. Me ya sa to yake ba mutane tsoro? Don masu wasan sun ba dodannin wannan jinsin ƙirar jiki mai girma. In aka tara makin ƙarfin Dragonite ko Garchomp ana samun 600, na Charizard 534, na Pikachu 320. Ƙarfin na dodon ne, ba na jinsin ba. Wannan ne babban kuskuren masu jerin: sun ga ƙato sanye da riga, sai suka ce rigar ce mai ƙarfi. Kuma waɗannan ƙattan biyu, Dragonite da Garchomp, kowannensu ninki huɗu Ƙanƙara take yi masa, sau da yawa bugu ɗaya ya wadatar.

Gaskiya ne akwai zamanin da Diragon ya addabi kowa, kuma tarihin yana da amfani don yana nuna cewa jerin ba ya zama wuri ɗaya. A wasan 1996 jinsuna 15 ne, kuma Ƙwaƙwalwa ce ta mamaye fili, don hare-haren Ƙwaro ba su da ƙarfi a lokacin, na Fatalwa kuwa, wanda aka so ya zama maganinta, kuskuren tsari ya sa ba ya taɓa ta. Da Gold da Silver suka fito a 1999 sai aka ƙaro Duhu da Ƙarfe, ɗaya ba ya jin harinta, ɗaya yana jurewa. Haka aka yi wa Diragon a 2013, a wasan X da Y, aka kawo Aljana don ta taka masa burki. A shekarar ce kuma aka rage wa Ƙarfe juriya biyu, ta Fatalwa da ta Duhu, amma duk da ragin ya ci gaba da zama a sama.

A nan akwai abin da masu musu a ƙarƙashin darbejiya ba sa lura da shi. Yawancinmu tsofaffin wasanni muke bugawa a wayar yayyenmu, irin su FireRed na 2004, don ba sa cin data. A cikinsa babu Aljana, jinsuna 17 ne. 'Yan kaɗan masu samun data suna buga Pokémon Showdown a intanet, inda dokokin yau suke aiki. Sai ka ga mutum biyu suna ta ɗaga jijiyar wuya, wannan yana maganar 2004, wancan yana maganar bana, kowa da gaskiyarsa. Duk wanda zai kafa jeri ya fara faɗin wasan da yake nufi. Namu na dokokin yau ne.

Wuta dai ba za mu zalunce ta ba. Tana ninkawa a kan huɗu, Ciyawa, Ƙanƙara, Ƙwaro da Ƙarfe, tana jure shida, kuma kasancewarta maganin sarkin da kansa ba ƙaramin matsayi ba ne. Incineroar, wanda Wuta ne da Duhu, ya daɗe yana cikin dodannin da aka fi gani a gasar duniya. Matsalar ita ce masu son Wuta a makarantar nan ba Wuta suke so ba, Charizard suke so, saboda katun. Charizard Wuta ne da Masu Tashi, duka biyun suna tsoron Dutse. Tun 2006 akwai wani tarkon duwatsu da ake shimfiɗawa a filin abokin gaba, duk dodon da ya shigo sai ya cire masa ɗaya bisa takwas na jininsa, a ninka da yadda yake tsoron Dutse. 'Yan aji ɗaya, ga aikin gida: ɗaya bisa takwas sau huɗu nawa ne? Rabi. Charizard yana rasa rabin jininsa tun bai buɗe baki ba. Steelix, wanda Ƙarfe ne da Ƙasa, ɗaya bisa 32 kawai yake rasawa.

Ruwa ne aka fi yi wa rashin adalci a jerin nan, kuma abin kunya ne a ce a yankin da kowane gida yake ci daga kanal aka jefa shi tsakiya. Biyu kaɗai yake tsoro, Ciyawa da Lantarki. Yana jure huɗu, har da Ƙarfe da Wuta. Yana cin Wuta, Ƙasa da Dutse, wato biyu daga cikin ukun da suke iya karya Ƙarfe suna gudun Ruwa. Shi ne jinsin da ya fi kowanne yawan dodanni, don haka ba ka rasa wanda zai dace da tawagarka. Mafi yawansu kuma suna iya koyon harin Ƙanƙara, wanda suke rama wa Ciyawa da Diragon da shi. In aka haɗa shi da Ƙasa, kamar Swampert, tsoron Lantarki ya kau gaba ɗaya, saura Ciyawa ita kaɗai. Ga kuma damina: akwai dodanni irin su Pelipper da shigowarsu fili take saukar da ruwan sama, harin Ruwa ya ƙaru da rabi, na Wuta ya ragu zuwa rabi. Torkoal kuma rana yake kawowa, abin ya juye. Mu mun ba Ruwa matsayi na biyu, kafaɗa da kafaɗa da Aljana, wadda ita ma biyu take tsoro, Guba da Ƙarfe, tana cin Dambe, Duhu da Diragon. A cikin ƙungiyarmu ma ba mu daidaita a kan wanda ya ɗara wani tsakanin su biyun ba, kuma ba mu ga laifin barin sa haka ba.

Bayansu sai Ƙasa, mai ninkawa a kan jinsuna biyar, sai Wuta da Fatalwa. Diragon ya biyo bayan waɗannan. Lantarki yana kusa, don Ƙasa kaɗai yake tsoro, sai dai biyu kawai yake ci. Na tsakiya ba za mu ɓata muku lokaci da su ba.

Gindin jerin ya fi saman wahalar yankewa. Ƙanƙara ba ta jure kowa sai kanta, tana tsoron huɗu, don haka dodon Ƙanƙara gilashi ne. Amma harinta yana cikin mafi kyau a wasan, yana cin Ciyawa, Ƙasa, Masu Tashi da Diragon. Makamin yana da kyau, mai riƙe da shi ne ba ya daɗewa. Ƙwaro jinsuna bakwai ne suke jure harinsa, Ciyawa ma bakwai, ga ta kuma da abokan gaba biyar. Gama-gari ba ya ninkawa a kan kowa. In aka tilasta mana sai mun nuna na ƙarshe, Ƙwaro za mu nuna, muna yi muna ba manoman tumatir haƙuri, don a gonakin Garun Malam ba haka lissafin yake ba.

Duk da wannan ƙirge-ƙirgen, kada wani ya kwashi jerinmu ya cika tawagarsa da Ƙarfe shida, don dodon Ƙasa guda ɗaya zai share su kamar an yi girbi. Ko Ciyawar da muka sa ƙasa-ƙasa, ita kaɗai ce maganin Swampert, kuma tun 2013 garin barci da ake watsa wa dodanni ba ya kama ta, abin da ba ya cikin gidaje 324 ɗin nan. Amoonguss da Rillaboom, dukansu Ciyawa, sun sha zuwa manyan gasanni. Tambayar wane jinsi ya fi ƙarfi 'yar'uwar tambayar wane amfanin gona ya fi ce. Manomin Kura zai ce maka shinkafa, kuma yana da hujja, amma shi ɗin ne zai shuka alkama in sanyin hunturu ya kama, ya dasa tumatir da albasa a wani fegin, ya kuma duba ko gonarsa tana bakin kanal ko tana ƙarshen layi. Shinkafa ta fi, amma bai taɓa cewa ita kaɗai zai noma ba.

Misalin da ya fi kowanne shi ne na gasar duniya ta 2014 a birnin Washington na Amurka. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya lashe kofin da wani ɗan kurege mai jinsin Lantarki, Pachirisu, wanda makinsa 405 ne kacal, ba wanda yake kallonsa. Aikinsa ba duka ba ne. A gasar dodanni biyu-biyu ake fitarwa, shi kuma yana da dabarar jawo hari zuwa kansa. Abokin aikinsa Gyarados ninki huɗu Lantarki yake yi masa, Pachirisu kuwa shanye Lantarki yake yi ya ƙara jini. Sai ya tsaya yana karɓar dukan, babban yana ɓarna. Ba jeri ne ya ci kofin nan ba, sanin wanda yake rufa wa wani asiri ne. Shi ya sa ma Smogon, dandalin 'yan wasan da ke tsara dokokin Showdown, ba jinsuna yake jerawa ba, dodanni yake rarrabawa aji-aji bisa yawan amfani da su, ana sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Wasan Scarlet da Violet na 2022 ma ya ƙara dagula lissafi, don ya ba ɗan wasa damar canza jinsin dodo ɗaya a tsakiyar faɗa.

Saura maganar kuɗi. Manyan ɗaliban da suke ce wa 'yan ƙananan aji su sa naira ɗari a kan Charizard sun san sarai abin da Dutse yake yi masa. Wannan ba gwaninta ba ce, cin amanar ƙanne ne, kuma caca ce, sunanta ke nan ko a waya aka yi ta ko a tasha. Yaron da aka cinye wa kuɗin tara da yunwa zai zauna darasin rana. Muna kira ga shugabannin ɗalibai su sa ido, kuma allon nan ba zai kafa sakamakon duk wata karawa da aka sa kuɗi a kanta ba.

Ga malamanmu kuma, ba muna roƙon a bar waya ta shigo makaranta ba ne, dokar tana nan kuma muna bayanta. Wasan yana cin lokaci, wanda ya kwana yana dannawa ba ya ɓuya a aji. Roƙonmu ƙarami ne: jadawalin nan ba ya buƙatar waya ko caji, kwali ɗaya da rula sun isa. Yaran da suke zufa in an ce su ninka ɗaya bisa takwas da huɗu, su ne suke yin wannan lissafin da ka a filin ƙwallo ba tare da sun san shi suke yi ba. Muna roƙon malaman lissafi su ba mu darasi ɗaya na ƙungiyoyi a wannan zangon, a zana gidaje 324 a allo, a ba kowane rukuni jinsi uku, su tara makin hari da na juriya, mata da maza, har da waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba. Akwai tambayar da mu kanmu muke so a warware mana a wannan zaman: in juriya rabi ce, rashin jin hari kuma sifili, maki nawa ya kamata a ba kowanne? A kan amsar ne matsayin Fatalwa ya rataya, don ita kaɗai ce jinsuna biyu, Dambe da Gama-gari, ba sa taɓa ta.